Baƙuncinmu a Rubaɗin Misfala

Da hantsi motar ayarinmu ta sauke mu a ƙofar wani otal a unguwar Misfala ta Makka, ni da Yaya Tabawa. Sauran masu Umara suka karɓi makullai suka ɗunguma ciki. Mu ba nan ne masaukinmu ba. Jagoran ayari ya ce mu tsaya a inuwa, wani zai zo daga rubaɗi ya tafi da mu, ya shige ya bar mu da kayanmu.

Ni da Yaya Tabawa gida ɗaya muke zaune a bayan Kano, gidan da wani attajiri ya gina wa tsofaffin mata waɗanda ba su da mai riƙe su. Ni koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya. Mijina ya rasu, ɗana tilo ya bi bayansa, dangin miji suka sayar da gidan. Yaya Tabawa ta girme ni. Daddawa ta sayar tun tana budurwa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Bayan rasuwar attajirin, 'yarsa ce ta ci gaba da ɗawainiyarmu. Ita ce ta je Umara ta gano wani rubaɗi a Makka, wato gidan waƙafi da tsofaffin mata ke zaune kyauta, yawancinsu Hausawa da suka tsufa a can. Ta shirya da masu kula da shi cewa biyu daga cikinmu za su je su zauna da su iya kwanakin bizar Umara, in mun koma, biyu daga cikinsu su zo mana da damina. Sharaɗinsu guda ne: wadda ta zo ta koma. Aka yi ƙuri'a, ta faɗo kanmu.

Rana ta take, babu wanda ya zo. Na kasa zama, ina kai gwauro ina kai mari a bakin titi, ina ta faɗin sunan rubaɗin da ƙarfi don kada in manta. Can sai ga wani dattijo cikin farar jallabiya, carbi a hannu, ya yi mana sallama da Hausa tas.

"Iyayena, ku ne baƙin rubaɗi? Ku yi haƙuri, hanya ce ta cushe."

Ya sunkuya ya ɗauki babbar jakarmu. Tsarabar da matan gidanmu suka haɗa ce a ciki: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, da daddawar da Yaya Tabawa ta yi da hannunta. Ya ce mu biyo shi a hankali, ba nisa. Muka bi shi. Aka kira azahar, titi ya cika da masu tafiya Harami, farar rigarsa ta saje da dubban farare. Muka shiga lungun da muka ga ya shiga, ba shi ba alamarsa.

Muka zauna a kan wani dakali. Yaya Tabawa sai tafin hannunta take kallo. Wani mai shara da ke aiki a lungun ya ji ina salati da Hausa, ya matso. Mutumin Maraɗi ne.

"Inna, wanga mutum ba ku kaɗai ya yi ma haka ba. Kayan miya na gida tsada gare su nan. Ya ji kuna faɗin inda za ku ne."

Ni ce mai faɗin.

Ya jingine tsintsiyarsa, ya shiga kanti ya sayo mana ruwa mai sanyi, ya ɗora sauran kayanmu a ka, ya hau da mu wani gangare har ƙofar rubaɗin. Na kwance bakin hijabina zan ba shi wani abu, ya ja da baya. Ya ce shi ma ya baro tsohuwa a gida, mu dai sa shi a addu'a. Ko sunansa ban tambaya ba.

Rubaɗin tsohon bene ne a jikin dutse. Matattakalarsa ƙunci, kowace tsohuwa da ɗan ɗakinta, katifa a ƙasa, risho a lungu, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani ba dare ba rana. Gidajen da ke gefensa duk an rushe. In ka leƙa ta taga, manyan ƙarafan ɗaga kaya ne ko'ina, da dogon benen nan mai agogo yana kallon kowa.

Matan suka fito tarbar mu, wasu da sanda, wasu suna dafa bango. Na ga idanunsu suna neman jaka. An gaya musu tun tuni za a kawo daddawa. Na buɗe baki zan yi bayani, kuka ya zo mini. Sai wata doguwar tsohuwa mai tsagar gado a kumatu ta kama hannuna.

"Malesh, ba komai. Kun zo da bakinku ai? To ku zauna ku yi mana Hausa, ya'ani ita ce tsarabar."

Wannan ita ce Hajja Zulai, ɗaya daga cikin biyun da za su zo mana da damina. A ɗakinta aka sauke mu. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, Ɗinyar Maƙera, da niyyar Hajji. A ƙafa suka yi yawancin tafiyar. Suka yada zango a Cadi, suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga, a can mahaifiyarta ta rasu. Da ƙyar suka ƙetare teku. A Makka ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata, mijin ya rasu. Ta daɗe tana fafutukar takardun zama, sai kwanan nan suka kammala, yanzu za ta iya fita ta dawo. Har ta ba da ɗinkin atamfa don tafiyar.

Tambaya ba ta ƙarewa a bakinta. Har yanzu gero yana wuce tsayin mutum? Har yanzu mata na daka da waƙa? Jikokinta kan zo ran Juma'a, ta ce su gaishe mu da Hausa, su ce "sannu" su fashe da dariya su koma Larabcinsu.

Ni kuwa zaman ya gagare ni. Abin kunya ne in faɗa, amma haka ya kasance. Duk rayuwata roƙo nake Allah ya nuna mini Makka, ga shi ya nuna mini, na yi ɗawafi na yi kuka na gode masa, amma da na dawo rubaɗi sai ƙirjina ya cushe. A gidanmu na Kano tsakar gida muke wuni ƙarƙashin darbejiya, ana tsinkar zogale, ana musu, ana faɗa, ana shiryawa. A nan kowa ƙofarta a rufe saboda zafi. Da safe burodin tamis da wake, da rana shinkafa, har na fara mafarkin koko. Sai in hau matattakala in sauko, in leƙa ta taga, in kwance kayana in sake ɗaurewa. Matan suka sa mini suna Mai Sintiri.

Yaya Tabawa ce ta sami natsuwa. Ita da ke kukan gwiwa a gida, a nan kowace salla sai ta gangara Harami. Wata la'asar muna tare, aka idar, ladan ya yi sanarwar sallar gawa kamar yadda ake yi kusan bayan kowace salla. Jama'a suka miƙe, iya ganinka mutane ne, har saman bene. Da aka sallame ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Malama, waɗannan duka sun san mamacin?"

"Ina za su san shi, Yaya?"

"Kin tuna ranar da Iya Kulu ta rasu a gidanmu? Mai gadi, da direba, da liman, da mai kanti. Su suka sallace ta. Na leƙa ta ƙofa na gani."

Na ce mata Allah ba ya duba yawan sahu. Ta ce ta sani. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗauke ta da nauyi ba.

Kwanakinmu sun kusa ƙarewa, wata safiya muka dawo daga asuba ni da Hajja Zulai, muka tarar da shimfiɗar Yaya Tabawa a naɗe, ƙaramar jakarta ba ta nan. Na ce ko tana Harami. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Na sauka na zaga duk ƙofofin da muke shiga, ina leƙa fuskar kowace baƙar tsohuwa. Na koma da ƙafafu a kumbure.

Mai kula da rubaɗin haifaffiyar can ce, Hausarta guntu-guntu. Ta dafe kai tana Larabci da sauri, Hajja Zulai tana mayar mini. Su suka tsaya mana a gaban hukuma, in ji ta. Idan baƙuwa ta maƙale, su za a tuhuma, kuma masu waƙafin ba za su sake yarda da wata ziyara ba, ta zuwa ko ta tafiya.

Na dubi Hajja Zulai. Ta gama fassara maganar da ke yanke mata tafiya, fuskarta ba ta canza ba. Ta jawo 'yar wayarta ta fara kiran mutane.

Kwana biyu ba na ci ba na zama. Muka je asibiti, babu ita. Daga baya wata tsohuwar ƙawar Hajja ta ce mu duba unguwar Rusaifa, akwai wata mata a can da ke tara irin waɗannan tsofaffin, tana zuwa Harami tana yi musu daɗin baki. Muka hau tasi. Hajja Zulai da ƙyar take hawa mota, amma ta ce ƙafarta ƙafata.

Gidan yana bayan wasu shagunan gyaran mota. Matar ta fito da zobba a yatsu, tana taunar cingam.

"Ni taimako nake yi, fi sabilillahi. Wadda ta ce tana son ta cika a ƙasa mai tsarki, in kore ta? Ban ma san wata Tabawa ba."

Ta bayan kafaɗarta na hango ɗaki cike da tabarmi, da buhunan hatsi jingine da bango. Da muka juya za mu tafi, wata tsohuwa da ke wanki a bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ku duba inda tattabaru ke sauka."

A wani fili kusa da hanyar Harami muka same su. Mata ne lulluɓe da baƙaƙen abayoyi, fuska a rufe, kowace da 'yan ƙullin hatsi a leda tana miƙa wa mahajjata su watsa wa tattabaru. Duk iri ɗaya suke. Tarin Yaya Tabawa na ji. Shekaru ina jin tarin nan ta bango, ba zai ɓace mini ba. Tana zaune a kan kwali cikin ranar da ke narka kwalta.

"Yaya."

Ta ɗago. Ba ta yi gardama ba, ta sauke mayafin fuskar. Leɓɓanta sun bushe sun tsage.

"Ki koma, Malama. Ki ce musu na gode. Ni na iso."

Na fara faɗa. Na ce mata matar nan bauta take sa ta, na ce amana aka ba mu, na ce ta zubar mana da mutunci a ƙasar mutane. Duk abin da ya taru a ƙirjina tun ranar da muka sauka, a kanta na juye. Tana ji, tana gyara ƙullin hatsinta.

Hajja Zulai ta dafa ni ta zauna a ƙasa kusa da ita, da ƙyar, tana nishi.

"Yar'uwa, ba zan ce miki kin yi kuskure ba. Abin da kika gani a Harami, mahaifina ma shi ya gani. Shi ya hana mu komawa. Amma na ga ƙarshen mata da yawa a gidajen nan. Wadda ba ta da takarda, in ta kwanta ciwo tsoron kai ta asibiti ake yi. In ta cika, tsoron faɗa ake yi. Ba kowace ake kaiwa Harami ba."

Yaya Tabawa ta ce, "Ko a bakin titi ne, ƙasar dai ita ce."

"Sahih. Ke kina neman inda za a binne ki, ni ina neman inda aka binne cibiyata. Ban ce taki ta fi tawa ƙanƙanta ba. Amma in kin zauna, ni ma na zauna. Ina so ki san wannan, kalas."

Yaya Tabawa ta dube ta. Ina jin sai a lokacin ta gane. Ta daɗe tana murza bakin leda, sannan ta ce mu ba ta zuwa gobe.

Na so in ja ta da ƙarfi. Hajja Zulai ta ce a'a, ba a jan babba. Muka tafi muka bar ta.

Washegari da sassafe na koma filin ni kaɗai. Babu mace ko ɗaya. Hatsi ne warwatse a ƙasa, da takalma wari-wari, tattabaru sun rufe wurin. Wani mai sayar da carbi ya nuna mini da hannu: askarawa sun zo da mota, masu ƙarfi sun gudu, tsofaffi an kwashe. Na bi titin da ya nuna da sauri kamar zan cim ma motar, har numfashina ya sarƙe na zauna a gefen hanya.

An kai ta inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Jagoran ayarinmu ya je da fasfonta, aka ce tunda an kama ta tana talla, sai an gama bincike. Ba a bar ni na gan ta ba. Ranar tashinmu ta zo tana ciki. A ranar mai kula da rubaɗi ta gaya mana masu waƙafi sun rufe maganar ziyara.

Hajja Zulai ta rako ni har ƙasan matattakala. Na riƙe hannunta. Ita ce ta yi magana.

"Mai Sintiri, kin dami kanki ki koma gida, ga shi za ki koma. Ki daina kuka. In ruwa ya sauka ki shaƙa mini ƙamshin ƙasa."

Na dawo Kano ni kaɗai. Matan gidanmu suka kewaye ni ana ta barka da zuwa, idanunsu na kan ƙofa suna jiran ta biyu. Na zauna ƙarƙashin darbejiyar da na yi ta bege, zaman nan ma ya ƙi. Sai in tashi in je bakin ƙofa in dawo.

Sai da damina ta kama sannan aka kawo Yaya Tabawa a jirgin waɗanda aka koro. Ta rame, abayar da aka kama ta da ita ce a jikinta. Ta shige ɗakinta ta rufe. Har yau ban sani ba ko ta yi niyyar dawo mana a safiyar nan, ban tambaye ta ba. Na riƙa ajiye mata koko a bakin ƙofa, tana mayar da kwanon a wanke.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, da mayafinta da sandarta.

"Malama, kina da lambar Hajja Zulai?"

"Ina da ita."

"Ni na hana ta zuwa. Tashi mu je mu gano mata garin."

Muka hau motar Gumel, daga can muka hau wata akori-kura da ta kafe da mu a taɓo har sai da fasinjoji suka tura. Ɗinyar Maƙera tana nan, gero ya rufe ta ta ko'ina. Muka sauka gidan mai gari, muka ce muna neman dangin wani maƙeri da ya tafi Hajji a ƙafa da iyalinsa bai dawo ba. Mai garin yaro ne a kanmu, bai sani ba. Aka yi ta aike, aka tara dattawa, kowa na girgiza kai. A ƙarshe aka kai mu wani gida a ƙarshen gari, wurin wata tsohuwa da ido ya tafi, tana zaune a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce mun zo da saƙon wata Zulai daga Makka.

"Zulai," in ji ta. Ta juya sunan a baki. "Ban san ta ba."

Yaya Tabawa ta matsa kusa da kunnenta. "Doguwa ce. Mahaifinta maƙeri. Tana yarinya suka tafi gabas."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Au, Marka kuke nufi. Zulai sunan yanka ne, wa ke kiran ta da shi? Cikin marka aka haife ta. Ubanta da nawa ciki ɗaya. Tabarma ɗaya muke kwana. Na bi su har bayan gari ina kuka, aka dawo da ni a kafaɗa." Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Yaushe ta rasu?"

"Tana nan da ranta, Inna."

Waya ba ta kamawa a cikin gidan. Muka kama tsohuwar, ni a dama Yaya Tabawa a hagu, muka fito da ita kan wani tudu a bakin gona, mutanen gari na biye da mu. Na kira, ta katse. Na sake kira. Sai ga muryar Hajja Zulai, da gurnanin na'urar ɗakinta a baya.

"Alo? Min? Wa ke magana? Mai Sintiri, ke ce?"

Kafin in amsa, Yaya Tabawa ta karɓi wayar daga hannuna ta kara wa tsohuwar a kunne, ta riƙe mata da hannu biyu.

"Marka," in ji tsohuwar. "Marka, ke ce?"

Shiru ya yi tsawo har na zaci ta sake katsewa. Sai muka ji Hajja Zulai ta amsa wa tsohuwar, da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Na'am, Yaya."